Jagorar Ziyartar Yankin Hauts-de-France a Arewacin Faransa

Yawancin baƙin da suke sauka a Faransa ba sa wuce birnin Paris, waɗanda suka wuce kuma kudu suke nufa, inda rana take da ƙarfi. Saboda haka ne yankin Hauts-de-France, wanda yake can ƙarshen arewa, tsakanin Paris da iyakar Beljiyam da mashigin tekun da ya raba Faransa da Ingila, ya zama wurin da jama'a suke ratsawa cikin jirgin ƙasa ba tare da sun sauka ba. An kafa yankin a 2016 bayan an haɗe tsofaffin yankuna biyu, wato Nord-Pas-de-Calais da Picardie, hedikwatarsa tana birnin Lille, mazaunansa kuma sun kai kusan miliyan shida a gundumomi biyar: Nord da Pas-de-Calais da Somme da Aisne da Oise.

Wannan yanki ba na mai gaggawa ba ne, domin abubuwan da suka fi daraja a cikinsa suna da lokutansu. Bukukuwansa suna da ƙayyadaddun ranaku, tekunsa kuma yana cikowa yana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma shi yake yanke hukuncin abin da baƙo zai gani da inda zai iya taka ƙafa. Wanda ya tsara tafiyarsa bisa waɗannan biyun, ya kuma zauna a masauki biyu ko uku maimakon ya riƙa kwana a sabon gari kullum, shi ne zai ci moriyar kuɗinsa.

Mataki na farko: tsayar da lokaci kafin komai

Daga watan Mayu zuwa Satumba ne yanayi ya fi daɗi, zafin rana yakan tsaya a wajen digiri 17 zuwa 24, yini yana da tsawo, kuma jiragen kwalekwale da ƙananan gidajen tarihi na ƙauyuka duk suna aiki. Ruwan sama ba shi da wata ƙayyadaddiyar damina a can, yana iya sauka a kowane wata, galibi yayyafi ne mai tafe da iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyi yakan kusanci sifili, a Disamba rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar na yamma, kuma wurare da dama na bakin teku sukan rufe. Wanda bai taɓa zama a ƙasar sanyi ba, bai kamata ya fara da waɗannan watanni ba, sai dai idan kasuwannin Kirsimeti na Amiens da Arras da Lille ne suka kawo shi.

Idan al'adun mutanen yankin ne abin nema, to a ɗauki biki ɗaya a gina tafiyar a kansa. Kasuwar gwanjo ta Lille, wadda ake kira Braderie, tana ci ne a ƙarshen makon farko na Satumba, kuma tana tara mutane fiye da miliyan biyu cikin kwana biyu, har titunan tsakiyar birnin su koma rumfuna. Masauki a wannan mako yana ƙarewa tun watanni kafin ranar, saboda haka ko dai a kama ɗaki da wuri, ko a kwana a Arras ko Douai a riƙa shigowa cikin jirgi. A Douai kuwa, a farkon Yuli ake fito da Gayant, wani ƙaton mutum-mutumi mai tsawon mita takwas da rabi wanda maza shida suke ɗauka daga cikinsa, tare da matarsa da 'ya'yansu uku, al'adar da ta faro tun 1530. Garuruwa da dama a yankin kowannensu yana da nasa ƙaton, kuma mutanen garin suna ɗaukarsa tamkar ɗan gari, ana yi masa bikin suna, ana ɗaura masa aure. Na garin Cassel, Reuze Papa da Reuze Maman, suna fitowa ne ranar Litinin ɗin Ista. Hukumar UNESCO ta amince da wannan al'ada a 2005 a matsayin gadon ɗan Adam.

Bikin Dunkerque ya sha bamban. Yana ɗaukar makonni daga Janairu zuwa Maris, asalinsa walimar da masu jiragen ruwa suke yi wa masunta kafin su tafi kamun kifi na watanni a tekun Iceland, inda wasu ba sa dawowa. A ranar da ya fi cika, magajin gari yana jefo wa dubban mutane bandar kifi daga benen ofishinsa. Ya dace mai karatu ya sani tun yanzu cewa biki ne na turereniya da shan giya, maza kuma suna sa kayan mata su shafa kwalliya, don haka wanda zai je da iyali ya auna da kyau, ko ya tsaya kallo daga nesa da rana.

Mataki na biyu: biza da kayan tafiya

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru ko Chadi yana buƙatar bizar Schengen ta gajeren zama, wadda take ba da damar kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ana fara cike takardar ne a shafin gwamnati na France-Visas, wanda yake nuna inda mazaunin kowace ƙasa zai kai takardunsa, kuma wannan yana da muhimmanci musamman ga mutanen Nijar tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai a farkon 2024. Kuɗin bizar babba Yuro 90 ne tun daga Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Ana iya nema tun wata shida kafin ranar tafiya, kuma hikima ita ce a yi hakan da wuri, domin samun ranar ganawa ya fi cike takarda wuya a watannin hutu. Dole fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar barin Turai, da shafuka biyu da ba a buga komai a kansu ba, a kuma haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar kuɗi. Wanda zai sauka a gidan ɗan'uwa, mai masaukinsa ne zai karɓo masa takardar da ake kira attestation d'accueil daga ofishin magajin garinsa.

Akwai abubuwa biyu da suke yawan rikita matafiya. Bizar Schengen tana kai mutum Beljiyam, wadda take dab da Lille, amma ba ta kai shi Ingila, ko da kuwa yana hango gaɓarta daga Calais. Sannan dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama da kayan nono daga waje, wato kilishi da dambun nama da man shanu duk sai a bar su a gida, komai kyan ƙunshinsu. Wanda yake ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai Yuro 10,000 kuma wajibi ne ya bayyana su ga jami'an kwastan.

A cikin jaka, rigar ruwa mai hula ta fi laima amfani, domin iskar bakin teku tana karya laima. A haɗa da rigar sanyi ko da a watan Yuli ne, da takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa wanda ba a jin tsoron ya ɓaci da laka, saboda tsofaffin titunan birane na dutse ne, hanyoyin karkara kuma suna da santsi bayan ruwa.

Mataki na uku: isowa da zaɓen masauki

Wanda ya sauka a filin jirgin saman Charles de Gaulle ba ya buƙatar shiga Paris, domin akwai tashar jirgin ƙasa mai sauri na TGV a cikin filin, kuma daga nan zuwa Lille bai wuce awa ɗaya ba. Daga tashar Gare du Nord ta Paris ma awa ɗaya ce zuwa Lille, minti hamsin zuwa Arras, awa ɗaya da 'yan mintoci zuwa Amiens. Tikitin TGV yana da lambar kujera kuma farashinsa yana hawa yayin da ranar tafiya take matsowa, amma na jiragen yanki da ake kira TER ba ya buƙatar a saya da wuri. Ana sayen duka biyun a manhajar SNCF Connect ko a injinan tasha. Lille tana da tashoshi biyu, Lille Flandres da Lille Europe, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, kuma ya kamata a duba tikiti a tabbatar da wadda jirgi zai tashi daga cikinta.

Ga mai kwana bakwai zuwa goma, tsarin da ya fi sauƙi shi ne kwana uku ko huɗu a Lille, daga nan ana zuwa Roubaix da Lens da Arras a dawo a yini, sai kwana biyu a bakin teku, a Boulogne-sur-Mer ko ƙauyen Wissant, sai kwana biyu ko uku tsakanin Saint-Valery-sur-Somme da Amiens, inda hanyar komawa Paris take a miƙe. Birane duka jirgi yana kai wa gare su. Maƙabartun yaƙi da tsaunukan bakin teku ne suke buƙatar mota, kuma hayar kwana biyu ko uku ta wadatar. Mai lasin ɗin da ba da Faransanci aka rubuta ba ya nemi lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa kafin ya taso. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, wasu manyan hanyoyi ana biyan kuɗin wucewa, kuma a cikin ƙauyuka, inda babu alama a mahaɗa, motar da ta fito daga dama ita take da hanya, ko da daga ƙaramin lungu ta fito.

Mataki na huɗu: Lille da kewayenta

A fara da babban dandalin birnin, wanda yake ɗauke da sunan Janar de Gaulle, haifaffen Lille a 1890, gidan da aka haife shi a titin Princesse ma yana nan a buɗe ga masu ziyara. A gefen dandalin akwai Vieille Bourse, tsohuwar cibiyar 'yan kasuwa da aka gina a 1652 zuwa 1653 lokacin da birnin yake ƙarƙashin Sifaniya, gidaje ashirin da huɗu iri ɗaya sun kewaye tsakar gida guda, inda masu sayar da tsofaffin littattafai suke baje kolinsu da rana. Ginin yana tuna wa baƙo cewa Lille ba ta zama ta Faransa ba sai a 1667, da Sarki Louis na 14 ya ci ta da yaƙi, ya sa injiniyansa Vauban ya gina mata sansani mai siffar tauraro. Sansanin har yau a hannun sojoji yake, amma lambun da ya kewaye shi na kowa ne. Wannan tarihi shi ya sa gine-ginen jan bulo na tsohon garin suka fi kama da na Beljiyam fiye da na Paris.

Hasumiyar ofishin magajin gari tana da tsawon mita 104, kuma ana hawanta a hango birnin gaba ɗaya. Irin waɗannan hasumiyoyi, da ake kira beffroi, su ne alamar yankin. Tun ƙarni na tsakiya garuruwan 'yan kasuwa suke gina su domin su nuna cewa suna da 'yancin gudanar da harkokinsu ba tare da jiran coci ko basarake ba, a cikinsu ake ajiye takardun gari, ƙararrawarsu kuma ita take sanar da lokacin aiki da tashin gobara. Guda 23 daga cikinsu sun shiga jerin UNESCO a 2005. Ta Douai tana da ƙararrawa 62 da ake kaɗa waƙoƙi da su.

Ranar Lahadi da safe a je kasuwar Wazemmes, inda ake samun mahauta masu naman halal da kayan yaji da 'ya'yan itatuwa a farashi mai sauƙi, a kuma kula da aljihu kamar yadda ake yi a kowace kasuwa mai cunkoso. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, wanda yake tafiya ba direba tun 1983, yana kai mutum Roubaix, tsohon garin masaƙu, inda aka mayar da wani wurin ninƙaya na 1932 gidan adana zane-zane da sassaƙa mai suna La Piscine. A ganina ya fi manyan gidajen tarihi da yawa daɗin shiga, domin an bar ruwan a tsakiya, an kuma jera kayayyakin a ɗakunan da mutane suke sauya tufafi a da. Gidajen tarihi a Faransa sukan rufe ranar Litinin ko Talata, don haka a duba kafin a fita.

Mataki na biyar: ƙasar kwal da filayen yaƙi

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi bayyana halin mutanen yankin, kuma ya cancanci yini biyu. An gano kwal a nan a 1720, aka yi shekara 270 ana haƙarsa a wani zirin ƙasa mai tsawon kilomita 120, har aka rufe rami na ƙarshe a Oignies a Disambar 1990. Aikin ya jawo leburori daga Beljiyam da Poland da Italiya, daga baya kuma daga Aljeriya da Maroko, jikokinsu su ne wani babban ɓangare na mazauna garuruwan a yau. Ya kuma ci rayuka masu yawa: fashewar da ta auku a Courrières a 1906 ita kaɗai ta kashe mutum 1,099. A 2012 UNESCO ta sanya yankin haƙar gaba ɗayansa cikin jerin wuraren tarihi, har da layukan ƙananan gidajen bulo na ma'aikata da ake kira corons.

Tsarin yini na farko shi ne a tafi Lens da safe a shiga Louvre-Lens, reshen babban gidan tarihin Paris da aka buɗe a 2012 a kan filin wata tsohuwar mahaƙa. Babban zaurensa, inda aka jera kayan tarihi bisa zamaninsu a ɗaki guda ba tare da bango ba, shigarsa kyauta ce. Da rana a nufi Loos-en-Gohelle a hau ɗaya daga cikin tagwayen tsibin baƙar ƙasa da duwatsun da aka fitar daga rami, waɗanda ake kira terrils, tsayinsu ya kai wajen mita 186 daga matakin teku. Hawan ba ya da wuya ga mai lafiya, sai dai ƙasar tana zamewa ƙarƙashin ƙafa, kuma a bi hanyar da aka shata. Wanda yake son ganin yadda aikin yake a ciki ya je cibiyar tarihin haƙa ta Lewarde kusa da Douai, inda ake zagayawa da baƙi cikin ramukan da aka sake ginawa, ana kunna musu injinan domin su ji ƙarar da ma'aikata suka rayu a cikinta.

Yini na biyu na Arras ne da tuddan da suke arewa da ita. Dandalinta biyu, masu gidaje 155 na salon Flanders, wato irin na arewacin Beljiyam, an sake gina su ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rusa garin. A Carrière Wellington ana sauka mita ashirin ƙarƙashin ƙasa, cikin tsohuwar mahaƙar alli da sojojin New Zealand suka faɗaɗa, inda dubban sojojin Birtaniya suka ɓuya kafin harin 9 ga Afrilun 1917. Ba a shiga sai da jagora, gara a kama gurbi tun da wuri, kuma akwai sanyi a ciki ko da ana zafi a waje. A tudun Vimy akwai abin tunawa da sojojin Kanada da ragowar ramukan yaƙi. A can za a ga wuraren da aka killace ana kiwon tumaki a ciki, dalili kuwa shi ne har yau akwai bama-baman da ba su fashe ba a ƙasa. Manoman yankin suna tono irinsu kowace shekara, don haka duk tsatsattsen ƙarfen da aka gani a gona ko a daji kada a taɓa shi.

Kusa da nan akwai Notre-Dame-de-Lorette, maƙabartar sojoji mafi girma ta Faransa, mai gawa fiye da 40,000, kuma a cikinta akwai sashen kaburburan Musulmi. A gabanta aka buɗe wani babban zobe a 2014 wanda aka rubuta sunayen mamata kusan 580,000 a jikinsa bisa jerin haruffa, ba a raba su ta ƙasa ko muƙami ba. Baƙo daga Afirka ta Yamma yana da rabonsa a wannan tarihi. Sojojin da Faransa ta kira tirailleurs sénégalais daga ƙasashen mulkinta na Afirka ta Yamma daban-daban aka kwaso su, kuma an yi asararsu mai yawa a harin Chemin des Dames na Afrilun 1917 a gundumar Aisne, inda aka kafa gumakan katako domin tunawa da su kusa da Caverne du Dragon, wani kogo da aka mayar gidan tarihin yaƙin. A garin Airaines na gundumar Somme kuma akwai abin tunawa da Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon da sojojin Jamus suka kashe a Yunin 1940 bayan an kama shi. Shiga maƙabartun kyauta ne, ana dai buƙatar natsuwa da sassauta murya.

Mataki na shida: bakin teku

Kafin a sauka kan yashi ko'ina a wannan gaɓa, a nemi jadawalin cikowar teku, wanda ake samu a ofisoshin yawon buɗe ido da allunan bakin ruwa. Yashin shimfiɗaɗɗe ne, ruwan yana iya janyewa nesa sosai, idan ya tashi dawowa kuma yakan fara cika kwaruruka ta bayan mutum kafin ya lura.

Tsakanin Calais da Boulogne akwai tsaunuka biyu. Cap Blanc-Nez farin alli ne mai tsayin kusan mita 134, Cap Gris-Nez kuma shi ne wurin da Faransa ta fi kusa da Ingila, kilomita 34 ko ƙasa da haka, har ana hango fararen tsaunukan Dover idan gari ya washe. Daga Wissant, da take tsakaninsu, ana kai wa Blanc-Nez a ƙafa cikin kusan awa biyu ta hanyar da aka yi wa alama da fari da ja. Allin yana zubewa, saboda haka kada a matsa baki don ɗaukar hoto, kada kuma a zauna a gindin tsaunin. Saboda masu ƙoƙarin tsallakawa Ingila ta ƙananan jiragen ruwa, jami'an tsaro suna da yawa a wannan gaɓa, kuma ya kamata baƙo ya riƙe fasfonsa da shaidar masaukinsa a jikinsa koyaushe. Boulogne ita ce babbar tashar kamun kifi ta Faransa, tana da tsohon gari mai ganuwa da kuma Nausicaá, gidan kallon halittun teku da ya dace da masu yara. Calais kuma tana da gidan tarihin leshi, sana'ar da ta shigo garin da injinan Ingila a 1816.

A kudu akwai Baie de Somme, inda kogin Somme yake shiga teku a wani fili na yashi da ciyawar gishiri mai faɗin kusan murabba'in kilomita 70. Ana sauka a tashar Noyelles-sur-Mer, kuma a watannin ɗumi wani tsohon jirgi mai tururi yana haɗa ta da Le Crotoy da Saint-Valery, garin da William na Normandy ya tashi da jiragensa a 1066 ya je ya ci Ingila. Ana ratsa filin a ƙafa cikin kusan awa uku idan ruwa ya janye, amma da jagora mai izini kaɗai, domin akwai laka mai riƙe ƙafa. A Pointe du Hourdel ake kallon dabbobin teku masu shayarwa da Faransawa suke kira phoques suna shan rana a kan yashi, kuma ana neman a bar tazarar mita 300, musamman a Yuni da Yuli da suke haihuwa, domin uwar da aka firgita takan gudu ta bar ɗanta. Madubin hangen nesa yana da amfani a nan da kuma gandun tsuntsaye na Marquenterre, zangon tsuntsayen da wasunsu suke yin hunturu a gaɓar Muritaniya da Senegal.

Mataki na bakwai: Amiens

Babbar majami'ar Amiens, wadda aka fara ginawa a 1220, ita ce mafi girma a Faransa cikin masu salon ginin da ake kira Gothic, rufinta daga ciki ya haura mita 42, kuma tana jerin UNESCO tun 1981. Shiga kyauta ne ga kowa, maza suna cire hula, ba a kuma yawo a ciki lokacin ibada. A daren watannin zafi da na Disamba ana haska fuskarta da fitilu masu nuna launukan da aka shafa wa gumakanta a da. Tafiyar minti kaɗan daga nan akwai hortillonnages, lambuna masu faɗin hekta 300 da ƙoramu suka rarraba, ana zagaya su cikin dogon kwalekwale daga Afrilu zuwa Oktoba. Wanda ya san aikin lambu a fadama zai gane dabarar nan take, domin manoman suna kwaso laka daga ƙorama su ɗora a kan fegi ta zama taki. Kaɗan ne suka rage a sana'ar, kuma ranar Asabar da safe suke kawo amfaninsu kasuwar bakin ruwa ta unguwar Saint-Leu.

Abinci, salla da mu'amala

Gidajen abincin gargajiya na yankin, da ake kira estaminets, sun cancanci shiga, amma Musulmi ya san abin da yake cikin kwano. Ana dafa carbonnade, naman sa, da giya. Abincin da ake kira welsh cuku ne da aka narka da giya a kan naman alade, potjevleesch yana da alade, haka ma ficelle picarde. Shahararren moules-frites, wani abin teku mai baƙin ɓawo da ake ci da soyayyen dankalin Turawa, yawanci da farar giyar inabi ake dafa shi, sai a tambaya ko akwai wanda aka dafa ba da ita ba. Dankalin kansa a wurare da yawa da kitsen sa ake soya shi. Abin da ba ya da matsala shi ne gasasshen kifi, da fanke mai cukun maroilles, wanda warinsa ya fi ɗanɗanonsa ƙarfi nesa ba kusa ba, da kayan zaƙi irin su alewar Cambrai. Kalmomin sans porc da sans alcool, wato ba alade ba giya, sun isa a fahimci buƙatar mutum. Ana ba da abincin rana daga sha biyu zuwa biyu, na dare daga bakwai, tsakaninsu yawancin kicin a rufe yake, kuma ruwan famfo a buta kyauta ne idan an nema.

Masallatai da gidajen abincin halal suna da yawa a Lille da Roubaix da Amiens da garuruwan kwal, amma sun yi ƙaranci a ƙauyukan bakin teku, don haka a yi guzuri. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuma azahar da la'asar da magariba suna matsowa kusa da juna, alƙibla tana kudu maso gabas. Hijabi ba laifi ba ne a titi ko gidan tarihi, amma dokar 2010 ta hana rufe fuska a bainar jama'a, tarar tana kai wa Yuro 150. Duk shagon da aka shiga, a fara da gaisuwar bonjour kafin a tambayi komai, domin rashin yinta ana ɗaukarsa rashin ladabi. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Ranar komawa, wanda yake Amiens ya ware awa ɗaya da rabi zuwa Gare du Nord, da kusan wata awa zuwa filin jirgi ta layin jirgin ƙasa na RER B, ban da awa ukun da kamfanonin jirage suke nema kafin tashi. Idan akwai ragowar rabin yini, fadar Chantilly da manyan bargajen dawakinta suna kudancin yankin, ƙasa da rabin awa daga Paris cikin jirgin TER, sai dai fadar a rufe take ranar Talata. A kuma tuna cewa daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogon Faransa yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, a sauran watanni kuwa lokacinsu ɗaya ne.